Motar lantarki da motar fetur: wacce ta fi saurin kamawa da wuta?

Malamin sakandare, Arkilla:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure a kan wata magana da muka kwashe mako biyu muna ja-in-ja a kanta a gidana. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 tsohuwar motata ta koma zaman rumfa, ba na tayar da ita sai ranar Juma'a, ko kuma idan wata lalura ta taso a ƙauye. Wani ɗan yayana da ke shigo da kaya daga ƙasar Sin ya ce zai iya samo mini ƙaramar motar lantarki wadda aka ɗan yi amfani da ita, kuma da yake ina da sola a gida, sai maganar ta kwanta mini a rai. Uwargida ce ta ƙi amincewa, saboda an turo mata bidiyo a WhatsApp na wata mota da ke ci da wuta a cikin gareji, aka ce ta lantarki ce. Hujjarta ba ta raini ba ce, domin rumfar da nake ajiye mota bango ɗaya ne ya raba ta da ɗakin da yara ke kwana.

Na shiga intanet na yi bincike, sai na ci karo da wasu alƙaluma da ake ta yaɗawa, cewa a Amurka cikin kowace mota 100,000 ta lantarki 25 ne kawai ke kamawa da wuta, ta fetur kuwa 1,530. Na kai mata wannan a matsayin hujja, amma a cikin zuciyata ban gamsu ba, don tazarar ta yi yawan da ya sa ni zargi. Shin ana iya dogara da waɗannan alƙaluma? Idan kuma gaskiya ne a can, za su yi aiki a nan Sakkwato, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40?

Malamin ƙididdiga, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, Malam. Zarginka yana kan hanya, kuma zan so ka janye wannan hujja daga gaban uwargida kafin wani ya karya maka ita. Wani shafin harkar inshora ne na Amurka ya fitar da alƙaluman, kuma kuskuren yana wurin rabawa. Sun ɗauki gobarar motoci ta shekara guda, wadda ta kai kusan 200,000 kuma ta haɗa da motoci sababbi da masu shekara ashirin, sai suka raba ta da adadin motocin da aka sayar, ba da adadin waɗanda ke kan titi ba. Motocin da ke da rajista a Amurka sun kai kusan miliyan 280. Da a ce 1,530 cikin kowace 100,000 ke ƙonewa a shekara, da ana ƙona motoci fiye da miliyan huɗu duk shekara a ƙasar, abin da ko mai gardama ya san bai faru ba. Idan ka raba 200,000 ɗin da miliyan 280, abin da za ka samu bai wuce 70 da 'yan kai ba. Wato an kumbura wa motar fetur laifinta kusan sau ashirin.

Alƙaluman da na fi natsuwa da su su ne na hukumar kula da agajin gaggawa ta ƙasar Suwidin, saboda ita ta raba da adadin motocin da ke yawo a ƙasar. A shekarar 2022 ta lissafa gobara 23 a cikin motoci kusan 611,000 masu batir, wato na lantarki zalla da masu haɗa batir da mai, wanda ya kama 3.8 cikin 100,000. Idan aka haɗa dukan motocin ƙasar kuwa, adadin 68 ne cikin 100,000. Ka lura yadda 68 ɗin nan ya yi kusa da 70 da muka fitar wa Amurka da kanmu, abin da ke ƙara mini ƙarfin gwiwa cewa wannan shi ne ma'aunin da ya fi kusa da gaskiya a ƙasashen da ke rubuta gobararsu.

Wani zai ce 23 adadi ne ƙarami, shekara mai zuwa yana iya sauyawa. Gaskiya ne, amma ko an bar wa dace fili ya yi wasansa, lissafi ya nuna adadin zai riƙa kaiwa da komowa ne tsakanin 15 da 35, kuma ko 35 ɗin ba ta kai 6 cikin 100,000 ba. Saboda haka ba dace ne ya kawo tazarar ba. Inda gizo ke saƙar shi ne an auna hatsin da mudu biyu daban. Na farko, a cikin 68 ɗin har da motocin da aka cinna wa wuta da gangan, kuma ɓata-gari ba su damu da abin da ke tuƙa mota ba. Na biyu, wanda ya fi nauyi a wurina, shi ne shekaru. A 2024 matsakaicin shekarun mota a Amurka 12.6 ne, na motocin lantarki kuwa kusan uku da rabi. Tsohuwar mota ce wayoyinta ke gogewa, robobinta ke bushewa, mai ke tsatsafowa daga inda bai kamata ba. Kwatanta motar da ta fito jiya da wadda ta ga jiya da yau kamar kwatanta lafiyar ɗaliban aji ɗaya ne da ta 'yan fansho, ka ce makaranta ce ke maganin ciwon gwiwa.

Akwai kuma alƙaluman kamfanin Tesla, wanda ya ce daga 2012 zuwa 2021 an samu gobara ɗaya a kowane mil miliyan 210 da motocinsa suka yi, alhali ga motocin Amurka gaba ɗaya gobara ɗaya ce a mil miliyan 19. Auna abu da nisan tafiya dabara ce mai kyau, sai dai mai kaya ne ke yabon kayansa, kuma matsalar shekarun tana nan daram.

Game da Sakkwato kuwa, bari in ba ka misali na ƙaddarawa kawai. A ce akwai motocin lantarki 200 a garin nan. Idan haɗarinsu irin na Suwidin ne, sai an shekara kusan 130 kafin a sa ran gobara ɗaya. Idan kuma haɗarinsu daidai yake da na sauran motoci, gobara ɗaya ce a shekara bakwai. Ke nan duk wanda ya ce maka "mun shekara uku muna hawa ba mu ga ta kama ba", bai gaya maka komai ba, domin ko wanne daga cikin biyun ne gaskiya, shirun shekara uku ba abin mamaki ba ne. Haka ma idan guda ɗaya ta ƙone gobe a Dandima, ba ta tabbatar da komai ba, ko da kuwa bidiyonta ya zagaye jihar kafin la'asar.

Mai wayarin, Kwannawa:

Malam, ni ba masanin lissafi ba ne, amma shekara ashirin da shida ke nan hannuna yana cikin wayoyin mota. Maganar shekaru da Malamin ƙididdiga ya yi ita ce na fi ganewa, domin yawancin motocin da ke shigowa garejinmu 'yan Kwatano ne da suka gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su fara ta biyu a nan.

Wata rana da bazara wani direba ya kawo motarsa yana cewa fiyus ɗin famfon mai yana yawan ƙonewa. Da na buɗe akwatin sai na tarar wani ya riga ni, ya cire fiyus ɗin ya naɗa zaren waya a gurbinsa, robar wurin har ta narke ta yi baƙi. Na gaya masa cewa fiyus ba ya ƙonewa banza, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, sai an bi ta an gano. Ya ce yana da fasinja zuwa Illela, idan ya dawo a yi. Bai yi nisa da garejin ba hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet, kuma da muka isa da gudu muka tarar tiyon mai ya tsage yana zuba a kan salansa. Abin kashe gobararsa na ƙarƙashin kujera, wanda yake nuna wa jami'an hanya, da aka matsa shi ko tari bai yi ba. Ƙasa muka riƙa watsawa da hannu da shebur. Fasinjoji sun fita lafiya, amma cikin minti goma motar ta zama ƙwarangwal, kuma abin da ya ƙara mata ƙarfi jarka biyu ce ta man bumburutu da ya ajiye a but.

Abin da nake so a lura shi ne, babu wanda ya zo ya rubuta wannan gobarar. Mun ja ƙarfen gefe, 'yan gwangwan suka saya. Don haka ina ganin ko 68 ɗin nan ta Turawa ta yi wa motocin feturmu kaɗan. Tsorona da motar lantarki ɗaya ne, wato ranar da ta tsufa ta faɗo hannun mai naɗa zaren waya a gurbin fiyus. Batirin motar fetur bolt 12 ne, idan ka yi kuskure tartsatsi za ka gani. Na motar lantarki yana kai bolt 400, wayoyinsa masu launin lemo, kuma ni da kaina ba zan taɓa su ba sai an koya mini.

Tsohon ɗan kwana-kwana, Mabera:

Ina gaida jama'a. Malam mai tambaya, ƙanena, akwai tambaya biyu a cikin tambayarka, kuma waɗanda suka riga ni sun amsa ta farko ce kawai, wato wacce ta fi yawan kamawa. Ta biyu ita ce, idan ta kama, wacce ta fi wuyar kashewa. Uwargidanka ita ta biyun take tambaya, ko da ba ta faɗa da waɗannan kalmomi ba.

Wutar fetur mun san ta. Tana tashi da sauri saboda tururin fetur yana kamawa ko a tsakiyar sanyin hunturu, tana bin man duk inda ya malala, amma idan aka rufe ta da kumfa ko hoda aka raba ta da iska, ta mutu ke nan. Batirin lithium ba haka yake ba. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi ɗaruruwa ko dubbai a jere, kuma idan ɗaya ta lalace ta ɗauki zafi, sai ta zafafa maƙwabciyarta, ita ma ta miƙa wa ta gaba. Zafin daga cikin sinadarin yake fitowa, saboda haka rufe shi ba ya tsayar da shi, sai dai a yi ta sanyaya shi da ruwa, ga shi kuma yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin mota inda ruwan ba ya isa da sauƙi. Littafin da Tesla ya rubuta wa masu kashe gobara ya ce ana iya buƙatar galan kusan 3,000, wato lita 11,000 da ɗoriya. Ka auna shi da jarkar 'yan ga-ruwa mai lita 25, jarka 440 ke nan. Motar kashe gobarar da na fi daɗewa ina aiki da ita ba ta ɗaukar rabin wannan. Bayan haka wutar tana iya sake tashi bayan sa'o'i ko kwanaki, lokacin da kowa ya watse, kuma hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan a rahotonta na 2020. Hayaƙinta ma yana da guba, ba a tsayawa kallo kusa da ita.

A watan Agustan 2024 wata Mercedes ta lantarki da ke ajiye a garejin ƙarƙashin ƙasa na wani rukunin gidaje a birnin Incheon na Koriya ta Kudu ta kama da wuta ba tare da ana cajinta ba. An shafe fiye da sa'a takwas kafin a kashe, motoci fiye da ɗari suka lalace. Amma adalci ya sa in kawo ɗaya gefen. A watan Oktoban 2023 garejin filin jirgin saman Luton a Ingila ya ƙone da motoci fiye da 1,300, nan take aka cika intanet da cewa motar lantarki ce, sai hukumar kashe gobarar yankin ta tabbatar cewa motar dizal ce ta fara. Haka aka yi a filin jirgin Stavanger na Norway a watan Janairun 2020, nan ma dizal ce. Don haka bidiyon da aka turo wa uwargida, a fara tambayar wanda ya tabbatar da irin motar.

Shawarata ba ta dogara da wacce ka saya ba. Mota ko wace iri ce, bai kamata ta kwana jikin bangon ɗakin yara ba, musamman idan akwai taga a bangon, ko kuma idan ta kusa da ita ce hanyar fita daga gidan.

Malamin sakandare, Arkilla:

Na gode ƙwarai, Baba, kuma akwai tagar kuwa. Saura maganar zafi, wadda har yanzu ba a taɓo ba. Suwidin ƙasar ƙanƙara ce, mu kuwa a watan Afrilu sitiyari ma ba ya taɓuwa da rana tsaka.

Injiniyar lantarki, Gawon Nama:

Malam, zafin gari shi kaɗai ba ya kunna batir mai lafiya, domin rikicewar da Baba ya bayyana, wato ƙwayar batir ta ɗauki zafi ta miƙa wa maƙwabciyarta, ba ta farawa sai cikin ƙwayar ya haura digiri 100 da nisa. Abin da zafi irin namu ke yi shi ne saurin tsufar da batir. An ga haka a jihar Arizona ta Amurka a 2012, inda masu Nissan Leaf na farko, wadda batirinta ba shi da ruwan sanyaya shi, suka yi ƙorafin cewa ƙarfinsa yana raguwa tun kafin lokaci. Ƙorafinsu na raguwar nisan tafiya ne, ba na gobara ba. Saboda haka tambaya ta farko da za ka yi wa ɗan yayanka ita ce ko batirin motar yana da ruwan sanyaya shi. Ta biyu, wane irin sinadari ne a ciki. Nau'in da ake kira LFP, mai ƙarfe da fosfet, ya fi jure zafi kuma ya fi wuyar rikicewa a kan nau'in NMC mai nikel da manganis da kobalt, kuma yawancin ƙananan motocin Sin masu araha LFP suke ɗauke da shi.

Gobarar batir da aka bincika aka gano tushenta, galibi ɗayan abu uku ne ke jawo ta: aibi daga masana'anta, bugu ko huda daga ƙasa, ko shigar ruwa, musamman ruwan gishiri. Misalin aibin masana'anta shi ne Chevrolet Bolt, wadda kamfanin GM da ke ƙera ta ya janye dukanta a 2021, wato ya nemi a mayar masa a gyara, motoci kusan 140,000, saboda lahani biyu da aka samu a cikin wasu ƙwayoyin batirin da LG ya ƙera. Kada a ɗauka motar lantarki ce kaɗai ake janyewa, domin a watan Satumban 2023 Hyundai da Kia sun janye motoci fiye da miliyan uku masu amfani da mai a Amurka saboda haɗarin gobara daga na'urar birki, har suka ce wa masu su su riƙa ajiye su a waje nesa da gini. Bambancinmu da su shi ne a can wasiƙa ce ke iske mai mota har gida, a nan kuwa motar da ta sauya hannu uku kafin ta hau jirgin ruwa babu wanda zai nemo ka. Kai ne za ka ɗauki lambar jikin motar ka bincika ko an taɓa janye irinta, kuma ko an yi gyaran.

Maganar bugu ta fi damuna a kan zafi, saboda hanyoyinmu da tudun rage gudu da ake ginawa yadda aka ga dama. Akwai labarin da ya shafe mu ta wata fuska. Chevrolet Volt, motar da ɗan jihar nan Jelani Aliyu ya yi suna da zana siffarta, ta taɓa kamawa da wuta a 2011 a wurin gwajin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, mako uku cur bayan an yi gwajin karo da ita an ajiye. Batirin ya samu rauni a gwajin, ruwan sanyaya shi ya zuba a ciki, wutar ba ta tashi ba sai daga baya. Kamfanin ya ƙarfafa kariyar batirin, hukumar ta rufe binciken a farkon 2012. Abin da ya shafe ka a nan shi ne motar da aka yi haɗari da ita a can, aka gyara jiki aka fesa fenti aka turo, tana iya zuwa da rauni a cikin batir wanda ido ba ya gani. A ɗaga ta sama a duba ƙasan akwatin batirin, idan akwai lotsawa ko alamar walda a bar ta.

Sai caji. Shi Jelani Aliyu ɗin, lokacin yana shugabantar hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ya buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, amma kai a gida za ka riƙa yi kullum. Mota tana jan wuta mai nauyi sa'o'i da yawa ba hutawa, kuma soket ɗin da ke ɗaukar dutsen guga na minti goma ba lallai ya ɗauki wannan ba. Na sha buɗe soket a gidajen garin nan na tarar bayansa ya yi ruwan ƙasa, siririyar waya ce a ciki, kuma babu wayar ƙasa ko kaɗan, wato wadda ke kai wutar cikin ƙasa idan an samu matsala. Idan irin wannan ya kama da dare, za a ce motar lantarki ta ƙona gida, alhali wayarin ne. A ja mata layinta daban da waya mai kauri da na'urar yanke wuta tata, kada a yi amfani da doguwar wayar jona-jona. Ka kuma duba ƙarfin inbatarka tun yanzu, domin solar da ke riƙe fanka da firji ba ta cika batirin mota.

Malamin sakandare, Arkilla:

Hajiya Injiniya, Allah ya saka da alheri, haka ma sauran. Na karanta wa uwargida amsoshin nan gaba ɗaya, har da wadda ta karya hujjata. Ta ce ta yarda ba a tabbatar motar lantarki ta fi kamawa ba, amma jarka 440 ɗin nan ta tsaya mata a rai, kuma ta tambaye ni dalilin da ya sa tsohuwar motar ke kwana a jikin tagar yara shekara tara da jarkar man janareta a gefenta. Ban sami amsa ba, don haka jiya da yamma ni da yara muka tura ta zuwa gindin dogon yaro da ke bakin ƙofa, jarkar kuma ta koma bayan gida. Na aika wa ɗan yayana tambayoyi huɗu, wato irin sinadarin batirin, ko yana da ruwan sanyaya shi, lambar jikin motar, da hoton ƙasanta a kan ramin gareji. Ya turo lambar da safen nan, sauran ukun ya ce sai dillalin ya buɗe ranar Litinin. Hajiya, inbatata mai kilowat uku da rabi ce, ko za ki duba mini idan za ta iya, ko kuwa sai na ƙara faranti da batir kafin motar ta iso?